Yadda ake riƙe aji mai yara tamanin

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Wanda ya leƙa makarantun gwamnati a Birnin Kebbi, Jega ko Argungu ya san sau da yawa abin ya ninka haka, wasu kan benci, wasu a ƙasa. Irin wannan aji ba ya riƙuwa da tsawa ko bulala. Yana riƙuwa ne idan malami ya ɗora wa yaran wani kaso na aikin, kowa kuma ya san nasa.

A fara da rajista, don nan lokaci ke zurarewa. Kiran suna tamanin ɗaya bayan ɗaya zai iya cin minti goma a darasin minti 35, kuma kafin a kai rabi na baya sun fara kokawa. A raba ajin layi biyar ko shida, kowane layi da shugabansa, shi zai faɗi waɗanda ba su zo ba. Kafin nan malami ya riga ya rubuta ɗan aiki a allo, lissafi uku ko kalmomi biyar na kwafa, domin hannun kowa ya samu abin yi.

Wajen zama, gajeru da masu raunin gani ko ji su dawo gaba. A bar hanya a tsakiya ko da ta taku ɗaya ce, saboda malamin da ba ya iya isa bangon baya ya sallama rabin ajinsa. A duba kuma kada 'yan mata su ƙare a lungu ɗaya, ba a tambayarsu komai.

Babbar yaudarar aji ita ce "Kun gane?" Amsar kullum "E, malam!" ce, ko an gane ko ba a gane ba. Haka amsar taro: yara goma masu ƙoƙari su faɗa, sauran su bi da baki. Gara malami ya yi tambaya, ya yi shiru ya ƙirga biyar a ransa, sannan ya kira suna. Idan sunan ya riga tambayar fita, sauran sun huta da tunani. Wata dabarar ita ce kowa ya rubuta amsa da manyan baƙaƙe ya ɗaga littafinsa sama. Kallo ɗaya ya isa a ga layin da ke buƙatar a sake bayani.

Monita fa? Yawanci aikin da ake ba shi shi ne rubuta sunan masu surutu, wani lokaci har da riƙe bulala. Wannan kuskure ne. Yaro ne, zai rubuta abokin faɗansa ya ƙyale wanda ya sam masa ƙosai. A ba shi alli da dasta, raba littattafai da karɓarsu, kuma a riƙa canza shi duk mako biyu. Hukunci aikin malami ne shi kaɗai. Shi ma ya bi shi daki-daki: ya matsa kusa da mai surutun yana ci gaba da darasi, in bai daina ba ya sauya masa wuri, in ya ƙi a yi magana da shi a keɓe lokacin tara. Korar yaro waje hutu ce a gare shi.

Maki ba ya yiwuwa ga littafi tamanin kullum. A duba layi ɗaya da kyau kowace rana, sauran su yi musayar littattafai a gyara tare a allo.

Sai batun fashi. Da damina da lokacin yankan shinkafa a fadama, da kuma ranakun kasuwa, yara kan ɓace su dawo an wuce su, kuma su ne ke zama masu hayaniya don ba sa fahimtar abin da ake yi. A zaunar da kowannensu kusa da wanda bai yi fashi ba ya kwafi abin da ya wuce shi. Wanda fashinsa ya kai mako, a miƙa sunansa ga hedimasta da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, su je su samu iyayensa ko mai unguwa.