Daga Zariya Zuwa Burmi: Hanyar Da Motocinmu Ke Bi

Sana'armu shatar mota ce, amma ba irin ta kai amarya ko jigilar 'yan kasuwa ba. Muna ɗaukar ɗalibai da malaman jami'a da masu sha'awar tarihi, mu bi da su sawun rundunar Turawan Ingila da ta ci Kano da Sakkwato a 1903, mu tsaya a duk inda aka yi artabu. Motocinmu Toyota Hiace ne, kuma direban da bai san labarin hanyar ba ba ya riƙe mini sitiyari, komai iya tuƙinsa.

Daga Zariya muke ɗagawa, domin daga nan Kanar Morland ya fito a ƙarshen Janairu da sojoji sama da 700, da igwa da bindigar Maxim mai ruwan harsashi. Nan nake fara gaya wa fasinja abin da da yawansu ba su taɓa ji ba: Turawan da ke cikin rundunar 'yan kaɗan ne, saura duk baƙar fata, Hausawa da Yarabawa da sauransu. Sai ka ji motar ta yi tsit. Tafiyar da muke yi zuwa Kano kafin azahar, su kwanaki suka yi suna yin ta a ƙasa cikin hunturu, 'yan dako na biye da kaya a ka.

Kafin Kano muna sauka daga babban titi mu shiga Bebeji, garin da ya rufe ƙofa ya ƙi buɗewa har aka fasa ta da igwa. Masu kwaikwayonmu ba sa shiga, wai ɓata mai ne. Su kwashi yara su wuce fuu, su nuna musu ganuwar Kano ta taga, shi ke nan an ga tarihi. Mu kuwa a Ƙofar Kabuga sai kowa ya sauko ya taka ƙasa. A wannan ɓangaren Turawa suka sami kafa suka shiga birni ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato da yawancin mayaƙansa, Sarkin Shanu da aka bar wa tsaron gari ya tsaya a fada har aka kashe shi. Ina son yaro ya ɗaga kai ya dubi abin da ya rage na badala, ya auna da idonsa, sannan mu kai shi Gidan Makama ya ga sulke da masu da takubban da aka tari harsashi da su.

Ni ba a aji na koyi wannan ba. Yaron mota na fara, a hannun wani tsohon direba mai zuwa Gusau da Sakkwato, Allah ya jiƙansa. Shi ya koya mini sauraron inji. Yakan kashe rediyo a tsakiyar tafiya ya ce, "Kai yaro, me ka ji?" In ka ce ba komai, ya sa ka fita ka taɓa taya ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu har ka gano wadda birkinta ke kamawa. Asuba ta fari sai an duba baƙin mai da ruwan lagireto da fanbel kafin a sha shayi. Kuma duk sa'ad da muka zo gindin dutsen Kwatarkwashi sai ya rage wuta ya yi addu'a. Da na tambaye shi, ya ce a nan Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada da jama'arsa, bayan Sarki Alu ya rabu da rundunar, Wambai Abbas kuma ya koma Kano da wasu ya yi mubaya'a har aka naɗa shi sarki. Daga baya na zauna da malaman tarihi da nake ɗauka, na tarar abin da tsohon ya faɗa haka yake a rubuce.

Yanzu wannan yanki na Tsafe da Kwatarkwashi zuwa Gusau shi ne inda ake gane gwani. Kowa ya san halin tsaro a Zamfara. Ba ma shiga sai rana ta ɗaga, ba ma bari la'asar ta same mu a daji, kuma kafin mu tashi sai na yi waya da direbobin da suka fito daga can da safe. Ranar da labari bai yi daɗi ba, a fasa, ko da fasinja zai yi fushi. A irin wannan hanya mota ba ta da izinin lalacewa, shi ya sa kayan gyara na jabu suka fi komai ƙona mini rai. Mai shago ya rantse maka kan cewa fanbel na asali ne, kwali mai kyau, tambari daram, ka ɗaura ya tsinke tun ba a je ko'ina ba. Yanzu bakanikenmu ɗaya ne, tare muke zuwa saye, ya murɗa ya shinshina kafin in biya.

Amma duk da haka sai mutum ya zo yana cewa, "Haba Alhaji, wane ya ce zai kai mu a rabin wannan kuɗin." To ya kai ku mana. Tambaye shi safaya nawa ke motarsa, tambaye shi ranar da aka yi yaƙin Giginya. A 15 ga Maris aka yi shi, a filin da ke wajen ganuwar Sakkwato, kuma bai daɗe ba aka watse, domin doki da mashi ba sa isa inda Maxim take. Muna kai baƙi filin, mu kai su Hubbaren Shehu, mu shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu. A nan 'yan araha suke juya kan mota su ce an gama.

Ba a gama ba. Sarkin Musulmi Attahiru bai miƙa wuya ba, hijira ya yi ya nufi gabas, talakawa da malamai da sarakuna suna barin garuruwansu suna bin sa, Turawa na biye. Sai a Burmi, kusa da Bajoga a jihar Gombe ta yau, aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli. A nan ya faɗi da ɗaruruwan mutanensa, har da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda kisan da ya yi wa Kyaftin Moloney a 1902 na cikin hujjojin da Lugga, shugaban Turawan mulki a Arewa, ya kafa na yaƙar Kano. Manjo Marsh na ɓangaren Turawa shi ma a nan ya mutu. Fasinjan da ya tsaya a Sakkwato labarin Bature ya ji, cewa an ci gari an naɗa sabon sarki. Wanda ya isa Burmi shi ya ga iya inda mutanen suka kai.

Tafiyar da nisa, sai an dawo ta Kano an miƙa Gombe, ƙarshenta kuma hanyar burji ce, da damina sai an yi da gaske. Baƙin da suka fi taɓa zuciyata a can su ne waɗanda suka zo daga Sudan, zuriyar mutanen da suka bi Mai Wurno ɗan Attahiru har bakin kogin Nilu. Hausarsu da ɗan gauraye da Larabci, amma sunayen garuruwan da kakanninsu suka baro suna bakinsu tsaf. Irin waɗannan ba na ba wa yarana direbobi su, ni nake tuƙa su da kaina.

Mai son zuwa ya yi magana da wuri, lokacin sanyi ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ya zo da takalmi mai rufi da rigar sanyi, kuma makaranta ta turo sunayen ɗalibanta da malamin da zai raka su kafin ranar tashi.