Godiya ga duk waɗanda suka halarci walimar ƙanina

Assalamu alaikum. A madadin Inna da duk 'yan gidanmu, ina miƙa godiya ga jama'ar da suka cika ƙofar gidanmu ranar Asabar, a walimar ƙanina da ya kammala digiri na uku kan ƙwaƙwalwa da ciwon farfaɗiya. Mai gari, liman, malamansa na firamare, abokan aikinsa da suka taso daga Kano har nan ƙasar Birnin Kudu, da iyayenmu mata da suka kwana a bakin murhu, Allah Ya saka da alheri.

Baƙi sun yi ta tambaya, me ya kai ɗan manomi wannan fanni? 'Yan gari sun sani, ƙanwarmu ce sila. Tana shekara shida sanƙarau ya kama ta, ta tashi, sai faɗuwa ta biyo baya. Aka ce iska ce. Aka ware mata kwano da moɗa, yara suka guje ta, wai yawunta na sa cuta. Wata rana ta faɗa wuta, tabon yana nan a hannunta har yau. Ƙanin nawa ne ya janyo ta daga wutar, lokacin yana aji biyar, kuma tun ranar maganar ba ta bar zuciyarsa ba.

Kawu, kai ka sayar da shanun nomanka ya shiga Jami'ar Bayero. Ba mu manta ba.

Bayan la'asar ƙanin nawa ya tsaya a gindin darbejiya ya yi bayani da Hausar da kowa ya gane. Ya ce farfaɗiya rikicewar saƙon lantarki ce a ƙwaƙwalwa, kuma na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, wato EEG, da yake aiki da ita kan nuna hakan. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. Wahalar haihuwa, maleriyar da ta hau kai da buguwar kai duk suna iya jawo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke fama da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Ya roƙe mu, in mutum ya faɗi kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi. A kwantar da shi ta gefe, a nisanta shi da wuta da rijiya, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti.

Ƙanwar tamu tana shan maganinta kullum, shekara tara ke nan ba ta faɗi ba. Ita ta dama furar ranar Asabar, liman ne ya fara karɓar ludayi daga hannunta.