Awon asid a cikin rago, daga abin da na gani a kwata

Da asuba nake isa kwata a nan Kano, riƙe da takardar awon pH (ma'aunin tsami: in lambar ta yi ƙasa, asid ya yi yawa), da wuƙa, da zare. Mahauci na farke cikin rago, sai in roƙe shi ya ware min kayan ciki kafin a wanke. Abu na farko, in ɗaure mashiga da mafitar ɗaki na huɗu na cikin da zare. In an yi jinkiri, ruwan tumbi kan gangaro ya gauraya da na ƙasa, awo ya ɓaci.

Ɗaki huɗu ne a cikin dabba mai tuƙa, amma na huɗun kaɗai, abomasom, ke fitar da asid. A tumbi takarda kan nuna 6 zuwa 7, saboda yawun da dabba ke haɗiya yana kashe tsami. A na huɗu kuwa 2 zuwa 3 ne.

Ɗaki na huɗu ba ya jiran lokacin cin abinci kamar cikin mutum. Dare da rana tumbi na turo masa abinci kaɗan-kaɗan, shi ma bai fasa tsatsafo ruwansa ba. Ruwan na tunkiya kan kai lita 4 zuwa 6 a rana. Shigowar abincin ke ɗaga pH ya kuma miƙar da bangon, sai sinadarin gastirin ya shiga jini, ya haɗu da sinadarin histamin da saƙon jijiyar bagas, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa, su zaburar da ƙwayoyin da ke yin asid. In tsami ya yi yawa, wani sinadari, somatostatin, ya taka wa gastirin birki.

Da damina lissafin ke rikicewa. Sai ka tsaga ɗaki na huɗu ka tarar da tsutsar Hemonkus, siririya, ja da fari kamar murɗaɗɗen zare, maƙale a bango, takarda kuma ta haura 4. A nan fefsin, mai narka furotin, yake yin sanyi, ga tsutsa na zuƙar jini. Shi ya sa rago ke ci yana ramewa, haɓa ta kumbura, cikin fatar ido ya yi fari.

Masu kiwon ragon layya da yawa kanwa suke ƙarawa in sun ga haka, kuma abin na damuna. Kanwa na taimakon tumbin da hatsi ya tsamama, wanda ya faɗo ƙasa da 5.5, amma ba ta taɓa tsutsa. A fara jan fatar ido a duba, a kai kashi gwaji, sannan a ba da maganin tsutsa daidai nauyin dabbar.