Kujerar dindindin da muke ta nema, da ƙuri'u ukun da muka taɓa riƙewa

Shekaranjiya da daddare muna zaune teburin mai shayin layinmu, rediyon mai shayi na ta yi, sai aka sako labarin wai shugabannin Afirka sun sake neman a ba nahiyar kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Kawuna, wanda tsohon soja ne, ya taɓa zuwa aikin wanzar da zaman lafiya a Darfur, har yau shuɗiyar hular nan tana cikin akwatinsa ko yara baya bari su taɓa, ya ajiye kofi ya ce "kai ɗan nan, tun ina da ƙarfina nake jin wannan magana, yanzu ga shi da sanda nake tafiya ba a ba mu ba." Aka yi dariya. Ni dai na koma gida abin na ta yi min yawo a kai, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na samu barci.

Da farko dai ni ban ga laifin masu neman ba, haƙƙi ne. Lokacin da aka kafa majalisar a 1945 ƙasashe 51 ne, kuma huɗu kacal ne daga Afirka, Habasha da Masar da Laberiya da Afirka ta Kudu, sauranmu duk muna hannun Turawa ba wanda ya tambaye mu komai. Yanzu ƙasashe 193 ne, 54 namu ne, amma har yau masu kujerar dindindin su ne dai biyar ɗin nan, Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da China, kowacce in ta ga dama ta hau kujerar na-ƙi magana ta mutu nan take. Sau ɗaya tak aka taɓa faɗaɗa kwamitin, a 1965, daga kujeru 11 zuwa 15, kuma ƙarin duk na masu zaman shekara bibbiyu ne. Mu uku muke samu a ciki. Alhali in ka bi ajandar kwamitin za ka ga rikicin Afirka ne ya cika ta, Sudan, Kongo, Somaliya, Afirka ta Tsakiya, kullum mu ne abin tattaunawa amma hukunci na hannun wasu. Zaman kashin dankali kenan, babba a sama ƙarami a danne.

A 2005 ne wakilan ƙasashenmu suka haɗu a Ezulwini ta ƙasar Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, aka tsayar da magana ɗaya: kujeru biyu na dindindin da cikakken ikon hawa kujerar na-ƙi, sai biyar na karɓa-karɓa. Aka naɗa kwamitin ƙasashe goma ƙarƙashin Saliyo su bi maganar. Shekara ashirin kenan ana bi. A Satumbar 2024 Amurka ta fito ta ce ta yarda a ba Afirka kujeru biyu, amma fa ban da ikon na-ƙi, wato ka zo ka zauna a falo amma kar ka taɓa rimot. Kuma abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, dokar majalisar kanta ta kulle ƙofar, don kafin a gyara ko kalma ɗaya sai kashi biyu cikin uku na ƙasashe sun amince sun kuma rattaba hannu a gida, kuma dole duka biyar ɗin nan suna ciki. Ka ga kenan kura aka ba ajiyar nama, ita kuma ake roƙo ta raba.

Abin da ya hana ni barci wani lissafi ne da na yi da yatsu.

Ranar 17 ga Maris 2011 aka kaɗa ƙuri'a kan ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya ba da damar hana jirage shawagi a samaniyar Libiya da ɗaukar duk matakin da ya dace don kare farar hula, wanda da shi ne ƙungiyar tsaro ta NATO ta fake ta yi ta luguden wuta har gwamnatin Gaddafi ta faɗi. Ƙuduri baya wucewa a kwamitin sai ya samu ƙuri'a tara. Wannan ya samu goma. Rasha da China da Jamus da Indiya da Brazil duk sun ƙaurace, ba su ce eh ba ba su ce a'a ba. To su wa suka cika goman? Cikinsu akwai Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon. Cire uku daga goma, saura bakwai. Wato da ƙasashen namu uku sun naɗe hannu kawai, ba ma sai sun ce a'a ba, da ƙudurin nan bai wuce ba, babu buƙatar wata kujerar na-ƙi. Ranar nan ikon yana hannunmu, wallahi yana hannunmu, kuma Tarayyar Afirka ma a lokacin tana da nata shirin na sulhu ta hanyar tattaunawa.

Ba wai ina cewa Gaddafi waliyyi ba ne, kuma na san waɗanda suka ɗaga hannu suna tsoron abin da zai faru da mutanen Benghazi, birnin 'yan tawayen Libiya, ne, ga Ruwanda bata daɗe ba a zukatan mutane, inda a Afrilun 1994 kwamitin nan ya rage dakarun majalisar zuwa 270 ana tsaka da yanka bayin Allah. Duk na yarda. Amma wa ya kwashi abin da ya biyo baya? Rumbunan makaman Libiya suka fashe, kaya suka bi sahara suka gangaro, kafin shekara ta zagayo arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi a 2012, daga nan abin ya yi ta yaɗuwa. Duk wanda ke da ɗan uwa a Tillaberi ko Tawa ko ma dazukan Zamfara ba sai an yi masa dogon bayani kan yawaitar bindiga ba. Ba Libiya kaɗai ce sila ba, namu sakacin yana da yawa, amma ta zuba wa wutar fetur.

Sai kuma ɗaya gefen, don kar a ce na ɗora wa namu laifi na wanke manya. A Disambar 2021 Nijar ce ke shugabantar kwamitin, wata na ƙarshe na zamanta na shekara biyu, ita da Ireland suka kawo ƙudurin da ke neman a riƙa lissafa sauyin yanayi cikin abubuwan da ke haddasa rikici. Mu da muke ganin yadda tafkin Chadi ya janye, da yadda makiyayi da manomi ke rigima kan 'yar fadama ɗaya, ai wannan ba baƙon zance ba ne. Ƙasashe 113 suka mara wa daftarin baya, a cikin kwamitin ya samu ƙuri'a 12, China ta ƙaurace, Indiya ta ce a'a, Rasha kuma ta hau kujerar na-ƙi, tana cewa wai maganar yanayi tana da nata zauren daban. Shikenan. Aikin wata da watanni hannu ɗaya ya rushe shi. Haka aka sake yi a Nuwambar 2024 kan Sudan, ƙudurin da Birtaniya da Saliyo suka kawo, 14 suka ce eh Rasha ta ce a'a. Ita ma Amurka sau nawa ta yi hakan kan tsagaita wuta a Gaza, duk muna kallo a waya. Kowa da yaronsa da yake karewa.

To ni inda na tsaya shi ne, a ci gaba da neman kujerar, amma a daina yi kamar ita kaɗai ce magana. Akwai abin da ake kira riƙe alƙalami a kwamitin, wato ƙasar da ke rubuta daftarin farko kan kowane rikici, kuma shekara da shekaru Faransa ce ke rubuta na Afirka ta Tsakiya da Kongo, haka ma na Mali a da, Birtaniya na rubuta na Somaliya da Sudan. Wannan fa al'ada ce kawai, babu ita a cikin dokar majalisar, ba sai an gyara komai ba kafin a karɓe ta. Duk wanda ya taɓa zama sakataren ƙungiyar unguwa ya san mai rubuta takarda ya riga ya ci rabin gardama, sauran sai dai su ce a gyara waƙafi. Ina ma namu ukun nan su dage kan wannan da irin ƙarfin da ake zubawa a jawabin babban taron majalisar na Satumba.

Kuma ƙananan gyare-gyare na yiwuwa, mun gani. 'Yar ƙasar nan Liechtenstein da ko yawan mutanen ƙaramar hukuma ɗaya a Kano bata kai ba, ita ta jagoranci ƙudurin 2022 da ya ce duk lokacin da wani ya hau kujerar na-ƙi dole babban zauren majalisar ya zauna cikin kwana goma na aiki a tattauna, a ba mai hawan dama ya yi bayani gaban kowa. Bai hana su ba, amma aƙalla akwai 'yar kunya. A Disambar 2023 kuma aka zartar da ƙuduri mai lamba 2719, wanda ya buɗe hanyar majalisar ta biya har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin aikin dakarun Tarayyar Afirka, kuma namu wakilan na lokacin, Ghana da Gabon da Mozambik, su suka tura shi tare. Ka ga in sun haɗa kai ana samun abu, duk da aiwatarwar sai a hankali.

Sai maganar kuɗi, wadda bama son a taɓo. Hedikwatar Tarayyar Afirka da ke Adis Ababa China ce ta gina mana ita kyauta aka buɗe a 2012. A Kigali a 2016 aka amince kowace ƙasa ta cire kashi 0.2 cikin ɗari kan wasu kayan da ake shigowa da su don ƙungiyar ta riƙe kanta, har yau da yawa basu aiwatar ba, kaso mai tsoka na ayyukanta daga aljihun baƙi yake fitowa. Haba, ta ina za ka ɗaga murya gaban wanda ke biya maka kuɗin wuta? Kuma in yau aka ce to ga kujeru biyun ku kawo suna, na rantse sai an kai ruwa rana, Najeriya za ta ce ita ce, mun fi kowa yawa, mun zauna kwamitin sau biyar, sojojinmu na fita aikin majalisar tun Kongo a 1960, Afirka ta Kudu za ta miƙe, Masar za ta miƙe, Kenya da Aljeriya ma ba za su yi shiru ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma manyan sun san inda tsagar take.

Jiya na koma teburin na yi wa kawu wannan lissafin na goma a cire uku. Ya yi shiru yana juya cokali, can ya ce "to su wa suka ce musu su ɗaga hannu?" Na ce Kawu ai umarni daga gida yake zuwa, jakada baya yin gaban kansa. Ya ce "ashe ba New York za ku fara zuwa ba, Abuja za ku fara." Ya miƙa wa mai shayi kofi ya ce a ƙaro masa, kar a sa sikari.