Ranar Ɗaukar Fim a Marinar Ƙofar Mata

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau muka ɗauki mafi yawan fitowata a gajeren fim ɗin da ƙungiyarmu za ta shigar gasar bikin fina-finai na bana a nan Kano. Sharaɗin gasar shi ne kada fim ya wuce minti 15, kuma a yi shi da harshen gida, saboda haka darakta ya tsara labari mai mutum uku kacal: wani tsohon marini, da ɗansa wanda ya gama makaranta yake son barin sana'ar gidansu, da wata 'yar kasuwa mai kawo musu yadi. Ni na fito a matsayin ɗan.

Mun isa marinar Ƙofar Mata, kusa da Asibitin Murtala, tun hazon hunturu bai gama washewa ba, domin mai ɗaukar hoto ya fi son hasken da bai yi ƙarfi ba. Marinan wurin suna cewa tun 1498 ake rini a nan. Ramukan karofi suna da yawa, amma waɗanda ake aiki da su yanzu kaɗan ne, kuma ganin busassun da idona ya sa na fahimci damuwar tsohon da ke cikin labarin fiye da yadda na fahimce ta a takarda.

Ba a bi labarin daga farko zuwa ƙarshe wajen ɗauka ba. Sai da aka gama duk fitowar da hannuna yake fes tukuna aka bari na taɓa ruwan baba, saboda idan ya kama fata yakan yi kwanaki bai fita ba, kuma ba zai yiwu a ga yaron da ke ƙyamar sana'a da shuɗin hannu tun farkon fim ba. Wannan ya sa na yi rigima da mahaifina na cikin fim, na yi masa sallamar tafiya, na dawo neman gafara, duk kafin hantsi ya ɗaga.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne darasin dattijon da ya ba mu aron karofinsa. Yana gefe yana kallon gwaji, sai ya taso ya ce, "Yaro, rini kake yi, ba wanki ba. Tsoma a hankali, ka ɗago, ka bar shi ya sha iska." Na ce, "To, Malam, a nuna mini." Ya tsuguna a bakin ramin, ya nutsar da farin yadin ba tare da ya dama ruwan ba, ya ɗago shi yana matsewa kaɗan-kaɗan. Yadin ya fito da launi mai kore-kore, muna kallo iska ta mayar da shi shuɗi. Ya bayyana mana cewa baba da toka da kanwa ake haɗawa a ramin, a bar su su jiƙu su nuna, kuma yawan tsomawa da ɗagowa ne yake sa launi ya yi duhu.

Da darakta ya ga haka, sai ya soke dogon jawabin da aka rubuta mini na neman gafara. Ya ce in zo kawai in tsuguna kusa da tsohon, in karɓi yadin daga hannunsa, in ci gaba da tsomawa. A ganina ya yi daidai ƙwarai. Mun saba a finafinanmu a bar wa baki dukan aiki, mutum ya faɗi baƙin cikinsa, ya faɗi nadamarsa, ya sake maimaitawa, alhali gajeren fim ba shi da wannan sarari. Sai dai yin shiru a gaban kyamara ya fi magana wuya, domin idan hannu bai iya aikin ba, duk marinin da ya kalla zai gane tun daga tsomawar farko.

Ƙarar adaidaita sahu ta wahalar da mai ɗaukar sauti, har sai da muka riƙa jiran titi ya lafa. Mun dakata don sallar azahar, muka kammala kafin la'asar.

Gobe za mu je wurin mabuga mu ɗauki fitowar da ake bugun yadi da guduma har ya yi sheƙi. Daga nan sai aikin edita, da rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoto, da kai fim ɗin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Marinan sun roƙi a nuna musu kafin a miƙa wa alƙalan gasa, darakta kuma ya yi musu alkawarin zai kawo majigi har marinar.