Godiya ga gidan da ya riƙe ni wata tara

Alhamdu lillahi. Karatu ya kammala, takarda ta zo hannu, ɗinkin da ke cikina ma ya warke har na koma yin sujada ba tare da na lallaɓa kamar tsoho ba. Tun ranar da aka sallamo ni daga asibiti nake ɗauke da bashin godiya, masu bina kuma suna da yawa. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba. Ba zan kama sunan kowa ba, don ban nemi izini ba, amma kowa zai gane kansa.

Ga wanda bai san labarin ba: mu uku ne Musulmi da aka ɗauka a wani shiri na wata tara a wata kwalejin tauhidi ta Kirista, inda ake horar da waɗanda za su zama fastoci da malaman majami'a. Ba aji kawai muke haɗuwa ba. A ɗakunan kwanansu muke kwana, tebur ɗaya muke ci, sunayenmu kuma na cikin jerin masu shara da wanke-wanke kamar na kowa.

Godiya ta farko ta malamina ce. Da takardar gayyata ta iso, 'yan uwa da dama sun ce kada in je, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Malam ya karanta ta har ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni: "Za su bar ka ka yi salla a kan lokaci?" Na ce haka suka rubuta. Ya ce, "To ka je. Kada ka yi musu ƙarya a kan addininka don su so ka. Kada kuma ka yi mana ƙarya a kan nasu in ka dawo." Ya karanto min aya ta 46 a Suratul Ankabut, wadda ta hana jayayya da Ma'abuta Littafi sai ta hanya mafi kyau, ya yi min addu'a. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Na riƙe rabin farko na wasiyyar gwargwadon iko, wannan rubutun kuma yana cikin rabi na biyu.

Sai Baba mai kula da gine-gine. Shi ya kwashe karyayyun kujeru daga ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakalar laburare, ya share, ya shimfiɗa darduma. Ya sa ɗaya daga cikinmu ya duba alƙibla a waya, shi kuma ya durƙusa ya ja layi da fenti a ƙasa, yana ta tambaya, "Nan ne? Ka tabbata? In na ja, na ja fa." Abin dariya, rigimarmu ta farko a gidan nan ba ta tauhidi ba ce, ta ruwa ce. Muna alwala a banɗaki sau biyar a yini, ƙasa kullum jiƙe, har wani ya kusa zamewa, aka wayi gari da takardar ƙorafi manne a ƙofa. Gaskiyarsu ce. Baba bai shiga maganar ba. Bayan kwana biyu muka tarar ya ja famfo ƙasa-ƙasa a bayan ginin, ya ajiye ɗan benci a gabansa. Baba, Allah ya saka da alheri, ya raya maka zuri'a.

Ranar da na je yi wa Shugaban kwaleji godiya kan ɗakin, na ce masa ai ramuwa suka yi. Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa da tawagar Kiristocin Najran, mutum sittin, suka zo Madina, lokacin ibadarsu ya yi suna cikin masallaci, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su, suka fuskanci gabas suka yi. An yi muhawara mai zafi da su a kan Annabi Isa (AS), kuma sun koma gida a kan addininsu da yarjejeniyar zaman lafiya a hannu. Rabaran ya yi murmushi ya ce in za a bi lissafi, su suka fara, tunda Najjashi sarkin Habasha ya ba sahabbai mafaka tun wajen shekarar 615. Na ce na sallama. Na gode, Rabaran, da wannan da kuma yadda tun makon farko ka faɗa wa kowa a fili cewa ba za a tilasta mana shiga sujadar safe ba. Nakan shiga wani lokaci in zauna a bencin baya in saurara. Ban taɓa karɓar Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabin da suke karɓa a ibadarsu, ban kuma taɓa cewa amin ga abin da ban yi imani da shi ba, kuma ba wanda ya harare ni a kan haka.

Mama ta kicin, ke kam ban san ta ina zan fara ba. A 2025 azuminmu ya haɗu da nasu: mun kama Ramadan a farkon Maris, su kuma suka shiga azumin kwana arba'in ranar Laraba, 5 ga wata, da toka a goshi. Kicin ba ya buɗewa sai bayan gari ya waye, amma tun daren farko kika ware mana tukunyarmu daban, kika ba ni mabuɗi. Daga baya na gane ba mabuɗin ne ke aiki ba, don kullum in na sauko da asuba sai in tarar da sahur da ɗuminsa. Kin ce dama ba kya iya barci. Ban yarda ba har yanzu.

Zaman daren Alhamis shi ne ƙashin bayan shirin. Hanya ce da wasu malaman Yahudawa da Kirista da Musulmi suka fara a shekarun 1990, cikinsu har da David Ford na Jami'ar Kambirij: a zaɓi maudu'i ɗaya, kowa ya kawo nassi daga littafinsa, a karanta tare, a yi tambaya, ba tare da an ce sai an tashi da matsaya ɗaya ba. Daren da ba na mantawa shi ne na ƙissar Annabi Yusuf (AS). A littafin Farawa sura 37, da aka kawo wa Yaƙubu rigar da jini, ya gaskata cewa naman daji ya cinye ɗansa, ya kece tufafinsa, ya ƙi yarda a ta'azantar da shi. A Alƙur'ani kuwa, aya ta 18 ta Suratu Yusuf, bai gaskata 'ya'yansa ba, ya ce rayukansu ne suka ƙawata musu wani al'amari, sai haƙuri mai kyau. Na yi bayani ina ɗan jin kaina, kamar namu ya fi. Sai wata 'yar uwa, wadda ta binne ɗanta shekarun baya, ta ce a hankali ita uban da ya yi kuka take bukata. Ɗakin ya yi tsit. Ɗan'uwana Musulmi ne ya cece ni, ya buɗe aya ta 84 ta wannan surar, inda idanun Annabi Yaƙub (AS) suka yi fari saboda baƙin ciki. Ta ce a sake karanta mata, aka sake. 'Yar uwa, na gode. Na haddace surar nan tun ina yaro, amma a daren nan na fara haɗa ayoyin biyu.

Malamin tarihin ikilisiya ma ya yi min irin wannan. Ana kan ƙissar yanka, na tsaya kai da fata cewa babu wani malamin Musulunci da ya taɓa cewa Is'haƙ ne. Ya ce in je in duba tafsirin Ɗabari a kan Suratus Saffat. Na duba, na tarar surar ba ta ambaci sunan ɗan ba, Ɗabari ya rinjayar da Is'haƙ, Ibn Kasir kuma ya yi raddi ya tsaya kan Isma'il. Ina nan kan Isma'il, amma na daina rantsuwa a kan abin da ban karanta ba. Shi ne kuma ya ɗauke mu makonni a kan taron Nikiya na shekarar 325, inda manyan limaman Kirista suka tsayar da aƙidarsu a kan Almasihu, wanda ya cika shekara 1,700 a 2025. Na yi masa tambayoyi masu nauyi a kan Triniti, wato aƙidarsu ta Allah ɗaya cikin uku, bai taɓa rage wa aƙidarsa kaifi don in ji daɗi ba. Na fi girmama wannan nesa ba kusa ba da wani baƙon mai jawabi da aka kawo mana, wanda ya shafe sa'a guda yana cewa duk addinai abu ɗaya ne. Bayan ya tafi, mu da ɗaliban fastoci muka haɗu a kan abu ɗaya: bai san namu ba, bai san nasu ba.

Yanzu sai abokin ɗakina.

A tsakiyar azumi muka yi faɗa na gaske. Maganar gicciye ce. Na kawo aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, cewa ba su kashe Annabi Isa (AS) ba, ba su gicciye shi ba. Ya kawo maganar Bulus a 1 Korintiyawa sura 15, cewa in Almasihu bai tashi daga matattu ba, to bangaskiyarsu banza ce. Wannan ba saɓani ba ne da za a raba biyu kowa ya ɗauki rabi. Har nan ba laifi. Laifin shi ne yunwa da son rinjaye suka sa na faɗi kalmar izgili wadda ba ta dace ba. Ya kalle ni, ya kashe fitilarsa. Kwana huɗu muna ɗaki ɗaya, daga ina kwana sai sai da safe.

A cikin goman ƙarshe, bayan na dawo daga tarawihi, ciwo ya kama ni a gefen ciki na dama. Na ce zai wuce. Wajen ƙarfe biyu na dare na kasa miƙewa, ina amai, zufa ta jiƙa ni sharkaf. Shi ya ji nishina. Bai tsaya neman takalmi ba, ya ruga ya taso direban kwaleji, ya goya ni ya sauko da ni bene biyu. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da abin ya fashe a ciki. Kafin gari ya waye an yi min tiyata.

Da na farfaɗo, abin da ya fara damuna salla. Ga robar ƙarin ruwa a hannu, ga ɗinki, an hana ni motsi. Na ambaci taimama, ban ma san da wa nake magana ba. Ya ce, "Mene ne shi?" Na ce ƙasa mai tsarki ko dutse. Ya fita. Bayan kamar minti ashirin ya dawo da dutse faffaɗa kamar tafin hannu, ya wanke shi tas ya goge da gefen rigarsa, yana ba ni haƙuri wai ya rasa wanda ya fi wannan kyau. Ya riƙe min shi a kan ƙirji na buga hannu na shafa. Sannan ya roƙi nas ta taimaka masa suka karkata gadon ya fuskanci alƙibla, ya ja labule, ya tsaya a waje har na idar. Kwana biyar yana kwana a kan kujerar roba. A dare na biyu na nemi gafararsa kan abin da na faɗa. Ya ce ya yafe, amma maganata a kan gicciye har yanzu ba daidai ba ce. Na ce tasa ma haka. Dariya ta kusa farke min ɗinki.

Ɗan'uwa, ba ni da abin biyanka. Ranar rabuwa ka gaya min gaskiya cewa kana addu'a in karɓi Almasihu, ni ma na gaya maka ina roƙa maka shiriya zuwa Musulunci a sujadata. Ba wanda ya ji haushi. Dutsen yana nan wurina.

Likitoci da nas-nas, Allah ya biya ku. Ɗaliban da suka raba ranakun zuwa dubiya a tsakaninsu, da wanda ya kwafe min darussan da na rasa da rubutunsa mai wuyar karantawa, na gode. Shugaban kwaleji ya aiko a tambaye ni ko na yarda a ambaci sunana a addu'ar safe, bai yi gaban kansa ba. Wannan tambayar ta yi min daɗi ƙwarai, kuma na yarda. 'Yan uwana biyu Musulmi da suka fitar min da zakkar fidda-kai ina kwance, suka zo min da kabbarar Idi har bakin gado, Allah ya bar zumunci.

Sista 'yar ajinmu ita ta fara ba ni sakin layi na uku na sanarwar Nostra Aetate ta 1965, inda Cocin Katolika ta ce tana duban Musulmi da girmamawa. Ni kuma na ba ta wasiƙar da malaman Musulunci 138 suka aika wa shugabannin Kirista a watan Oktoba na 2007, wadda ta ɗauko sunanta daga aya ta 64 ta Ali Imrana. Da Fafaroma Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilu, washegarin Ista, mu uku muka je yi mata ta'aziyya, ni ina tafiya da ƙyar. Ta nuna mana hotonsa da Shehun Azhar, Ahmad al-Ɗayyib, ranar da suka sa hannu a takardar 'yan uwantaka a Abu Dabi, 4 ga Fabrairu 2019. Ta yi kuka, mu kuma ba mu san abin faɗa ba, sai muka zauna kawai. Na gode, Sista, da ba ki sallame mu da wuri ba.

Wanda ya riƙa zura min takardun wa'azi ta ƙarƙashin ƙofa ba suna, na karanta su duka. Da ka ƙwanƙwasa, da mun zauna.

Duk wanda na ɓata wa, da baki ko da fuska, ya yafe min don Allah. Ni na yafe wa kowa.

Baba, butar da ke ƙarƙashin matakala ba mantuwa na yi ba. Na ji za a ɗauki wasu Musulmin a zango mai zuwa. A ajiye musu, a kuma ƙara wa layin nan fenti, ya fara gogewa.