Asabar, ranar farko: ni da tumbina

Ƙarfe goma da kwata na dare. Ina zaune a bakin gado, ƙafafuna cikin roba da ruwan ɗumi, cinyoyina na zugi kamar an yi mini dukan sakwara. Sai na rubuta yadda yau ta kasance kafin barci ya sace ni, don na san halina. Abin da ban rubuta ba, gobe zan yi wa kaina kwaskwarima in ce ai na yi ƙoƙari.

Maganar ta taso ne ranar Laraba a shagon telana. Na kai shadda, ya zagaya tef a cikina, ya leƙa littafinsa, ya sake zagayawa. Ya ce, "Alhaji, inci 43. Bara 40 na rubuta." Sai ya yi dariya ya ce arziki ne, Allah ya ƙara. Na ce amin, amma a baki kawai. Babbar riga da kaftani masu rufin asiri ne, mutum sai ya ƙara buhu guda a jiki ba wanda ya lura. Sallah ce ba ta rufa mini ba. Watanni ke nan in na yi zaman tahiya sai in ji numfashina na sarƙewa, in na tashi daga sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu kamar tsoho, alhali shekaruna 41.

Ranar Alhamis na je asibiti. Kilo 97, tsawo mita 1.72, awon jini 148 bisa 94. Likitar ta yi lissafin a gabana: a raba nauyi da tsawo sau tsawo, nawa ya ba da 32.8. Ta ce daga 25 ƙiba ta fara wuce kima, daga 30 kuwa ta shiga sahun abin da ake nema wa magani. Awon jinin ta ce sau ɗaya ba ya yanke hukunci, in koma bayan mako biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙugu. Namiji in ya wuce santimita 102, wato inci 40, kitsen ya taru ne a inda ya fi ɓarna, kewaye da hanta da hanji, kuma shi ke buɗe wa ciwon suga da hawan jini ƙofa. Ta koya mini wata dabara: ka auna tsawonka da igiya, ka ninka ta biyu, ya kamata ta zagaye cikinka. Na gwada da igiyar shanya da na dawo gida. Saura kusan taƙi guda bakin igiyar ya haɗu. Yara suka yi ta dariya, ni ma na taya su, ya na iya.

To yau da na idar da sallar Asuba ban koma gado ba. Na zaro tsohon kambas ɗina daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe ƙura. Wandon motsa jikin da na saya shekara uku da suka wuce ya tsaya a cinya ya ce nan ne iyakarsa, dole na sa wandon kaftani da rigar sanyi. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe duwatsun da ke kewaye da gari, iska na yanka kunne. Ban yi nisa ba wani maƙwabcina ya taka birki a gefena. "Alhaji lafiya? Motar ce ta ba da matsala? Shigo in rage maka hanya." Na ce motsa jiki nake. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," irin yadda ake yi wa mai jinya addu'a. A garin nan magidanci mai mota in ya taka da ƙafa, ko mai ya ƙare ko asiri ya tonu.

Da na isa wajen filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa sai kunyar ta ragu, don ashe ba ni kaɗai ba ne. Ga matasa na gudu, ga mata cikin hijabi da kambas suna tafiya bibbiyu suna hira, ga dattawa. Nan na yi wautar ranar. Wasu samari suka wuce ni a guje, zuciya ta ce ai kai ma ka buga ƙwallo a sakandare. Na bi su. Ko minti biyu ban yi ba ƙirjina ya ɗauki wuta, miyau ya kafe, na tsaya na dafa gwiwa ina haki kamar rago a kasuwar Sallah. Wani dattijo mai farin gemu, siriri kamar sanda, ya rage tafiya ya jira ni. Ya ce, "Ɗana, ba a fara wa da gudu, gwiwa za ka kashe. Yi tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Ita ce daidai." Na ce, "Na gode Baba." Muka jera. Shi yana ba ni labarin shekarunsa na aikin gwamnati, ni ina amsawa da "ƙwarai" da "haka ne", don su kaɗai numfashina ke iya ɗauka.

Abin da ya faɗa ya zo daidai da na likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na irin wannan tafiya, wato rabin awa sau biyar, sannan kwana biyu a yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Yau na yi minti 40. Wayata ta ce na ƙona kalori 230 ko kusa da haka, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Na ji kaina ya yi girma.

Sai ƙamshin masa ya tare ni a hanyar dawowa.

Duk wanda ya san Bauchi ya san ba a wasa da masarmu, baƙo ma in ya zo ita yake fara tambaya. Na tsaya wai zan saya wa yara. Yau ne karo na farko da na kalli yadda ake suyar da idon mai lissafi. Kafin ta zuba ƙullu sai ta bi kowane gurbin tanda da mai, ya yi ƙara, ta zuba ƙullun, gefe ya yi ja, ta juya, wani lokaci ta ɗan ƙara mai a gefen. Masar na fitowa tana sheƙi, takardar da aka naɗe ta kan jiƙe kafin ka kai gida. Cokalin cin abinci guda na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne. Wato duk hakin da na yi, da zufar, da kunyar maƙwabci, cokali biyu na mai ne. Ni kuma da can goma nake ci a zaune ɗaya, da miyar taushe, in bi da shayi mai kauri. Na yi niyyar cin uku. Na ci huɗu. Ta biyar na ɗauka na mayar, 'yata Ummi na kallona tana murmushi.

Maman Ummi ba ta ɗauki abin da gaske ba da farko, kuma ba na ganin laifinta. Ta ce, "Baban Ummi, wannan karo na nawa ke nan?" Tana nufin shekarar da na sayo wani shayin rage ƙiba mai tsada, na kwana uku ina zarya banɗaki. Sikeli ya nuna na ragu da kilo biyu, ashe ruwan jikina ne ya tsiyaye, cikin mako ya dawo da riba. Na ce mata wannan karon ba abin da zan saya, ragewa zan yi. Muka shiga kicin tare, abin da rabona da yi har na manta. Na roƙe ta abu biyu: mai a riƙa auna shi da cokali maimakon a tuntsura galan a tukunya, dunƙule da gishiri kuma a rage, tunda gishirin da ake so mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, ƙasa da ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen. Ta ce in miya ta yi salam kada in kuka da ita. Na ce na ji. Ta ce kuma ba za ta ɗora tukunya biyu ba, abin da na ci shi kowa zai ci. Wannan ma ya yi mini.

Da hantsi na leƙa kasuwar Muda Lawal na yi cefane: kabeji, karas, kokwamba, alayyafo, lemu da gwanda. Na sayi acca mudu ɗaya. Mai accar ya rantse mini ita ce maganin ƙiba da suga. Abinci ce mai kyau, mutanen Tafawa Balewa da Bogoro sun daɗe da saninta, amma hatsi ce, in ka cika kwano da ita ka cika kwano da tuwo ne. Tsarin da likita ta ba ni mai sauƙi ne: rabin faranti ganye, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake ko kifi ko nama. Mu kuwa a gidajenmu tuwo ne sarki, miya 'yar rakiya.

Jarrabawar gaske tana gidan Inna. Kowace Asabar bayan Azahar can nake cin abinci, kuma tun ina yaro ba a taɓa fashi ba sai in ba na gari. Na tarar ta sa an tuƙa tuwon shinkafa, malmala uku a kwanona kamar kullum, miyar kuka ta sha man shanu har yana taruwa a gefe, ga kwaryar fura da nono an rufe da faifai. Na ci malmala ɗaya na wanke hannu. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, lafiyarka kuwa?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "Ko miyar ce ba ta yi ba?" Na ce ta yi, har ta fi ta kullum. Ta yi shiru, sannan ta rage murya ta ce, "Ko wani abu ne ya faru a gidan naka?"

Nan na gane inda wuyar take. Tafiya da Asuba tsakanina da ƙafafuna ne, ba mai jin ciwo. Amma abinci a wurinmu magana ce. Da shi uwa ke cewa ina sonka, da shi aboki ke cewa ka isa, kuma wanda ya ture kwano kamar ya ture mai kwanon ne. A idon Inna rama alamar wahala ce ko ciwo, ta ga shekarun fari da idonta, ɗa mai ƙiba kuwa shaida ce cewa Allah ya rufa asiri. Na jawo mata hadisin nan da ya ce a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Ta ce, "To ai kashi ɗayan naka babba ne, ci." Sai da na yi dariya har na ƙware.

Daga baya na gaya mata gaskiya, na faɗa mata awon jinin, na ce likita ta tambaye ni ko akwai mai ciwon suga a gidanmu. Ban ƙara komai ba. Ita ta yi jinyar Baba shekara shida, ita ke wanke masa gyambon ƙafar da ya ƙi warkewa. Ta daɗe tana kallon tabarma. Can ta miƙa hannu ta ɗauke malmala ɗaya ta mayar cikin kula, ta tura mini ɗayar. Ta ce, "Wannan dai ka cinye, ba a bar mini biyu." Na cinye. Furar kuma ta sa aka juye mini a jarka, ta ce ba ta sa suga ba, in ban sha yau ba in sha gobe. Malmala biyu maimakon uku. Ban sani ba ko nasara ce, amma haka aka tashi.

Bayan Isha'i na je majalisa wajen mai shayinmu. Shekara takwas ina zama a bencin nan ban taɓa ƙirga abin da yake zuba mini ba sai yau: suga cokali huɗu, kuma cokalinsa ba ƙarami ba ne, ga madara rabin gwangwani. Sau biyu a rana nake sha. Ga lemon kwalba da rana, wanda robar santilita 50 ta Coca-Cola kaɗai tana ɗauke da suga wajen giram 53, kusan ƙaramin cokali 13. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ma da hali a tsaya a 6. Ashe ni shan ƙibata nake yi fiye da cin ta. Na ce a ba ni ruwan bunu da citta, suga cokali ɗaya, ba burodi. Majalisa ta ɗauka. Wani ya ce albashi ne bai shigo ba, wani ya ce amarya zan ƙara shi ya sa nake gyaran jiki. Mai shayin ya miƙo mini kofin yana girgiza kai, ya ce, "Alhaji, wannan ai ruwan zafi ne, kunyar karɓar kuɗinka nake ji." Daɗi dai babu. Na shanye.

Lissafin da na yi a hanya shi ne, kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne. In na rage 500 a kullum, tsakanin shayi, lemo, mai da malmala guda, ga tafiya a kai, rabin kilo ke nan a mako. Likita ta ce kada in sa ido a kan kilo 20, in fara da kashi 5 cikin 100 na nauyina, kusan kilo 5, wannan ma yana taɓa awon jini da suga. Mako goma ke nan in ban yi wa kaina zamba ba. Sikeli kuma sau ɗaya a mako, ranar Asabar da safe kafin in ci komai.

Ruwan robar ya huce. Ina jin yunwa kaɗan, irin wadda rabona da ji tun azumi. Na ci lemu ɗaya. Maman Ummi ta leƙo yanzu tana tambaya ko a jiƙa shinkafar masar gobe, tunda Lahadi ce kuma yara sun saba. Na ce a jiƙa, amma tawa uku. Ta ce, "Uku irin na yau?" Na saita ƙararrawar waya ƙarfe biyar saura kwata, na ajiye kambas a bakin ƙofa inda zan yi tuntuɓe da shi. Dattijon nan ya ce yana zuwa kullum ban da Juma'a, kuma zai duba ko na zo.